Nawa tsaurara hukunci zai ci, kuma daga aljihun wa?

"Assalamu alaikum. A unguwarmu ƙwacen waya ya addabe mu, ƙanena ma an sare shi a hannu a kan waya. Yanzu ana ta kira ga majalisar jiha ta tsaurara doka: a ƙara shekarun ɗauri, a cire zaɓin biyan tara, wasu ma na cewa a mayar da shi hukuncin kisa. Sai na ji wani lauya a rediyo yana cewa a fara lissafa kuɗin da gyaran zai ci tukuna. Maganar ta ɓata mini rai. Doka ba rubutu ba ce a takarda? Wane kuɗi za ta ci, kuma wa zai biya?"

Wa'alaikumus salam. Allah ya ba ƙanenka lafiya, ya kiyaye gaba. Na fahimci ɓacin ranka, Malam, domin wanda aka zubar da jinin ɗan'uwansa ba ya son jin zancen naira da kwabo. Abin da kake son sani shi ne ko sauya dokar laifi na cin kuɗi, ta wace ƙofa kuɗin ke fita, kuma wa ake kai wa takardar biya. Na yi shekaru ina gabatar da ƙara a madadin gwamnatin jiha, daga baya na taya wani kwamitin majalisa nazarin ƙudirori, don haka zan amsa maka da abin da na gani da idona da kuma abin da ke rubuce a dokokinmu. Tun farko zan faɗa maka inda na tsaya: lauyan nan yana da gaskiya. Lissafin da yake nema shi ne zai nuna ko dokar za ta hukunta wanda ya sari ƙanenka, ko kuwa za ta tsaya a takarda kamar 'yan uwanta da yawa.

Rubuta doka ba ya cin komai sai tawada da alawus ɗin zama. Kuɗin yana farawa ne ranar da ɗan sanda ya kama mutum na farko a ƙarƙashinta. Daga nan akwai mai bincike da kuɗin zirga-zirgarsa, akwai lauyan gwamnati da zai karanta fayil ya ba da shawara, akwai alƙali da magatakarda, akwai man motar da za ta kai wanda ake tuhuma kotu ta dawo da shi, akwai kuɗin motar shaidu. Sannan ga babban: kwanakin da mutum zai yi a gidan yari, yana ci, yana sha, yana rashin lafiya, gandirobobi na gadinsa dare da rana. Duk wani gyaran dokar laifi ɗayan abu biyu yake taɓawa, ko yawan mutanen da ke shiga, ko tsawon zamansu a ciki. Idan ka ninka waɗannan biyun, ka samu abin da mu ke kira kwanakin tsarewa, kuma a kansu ake gina lissafin gaba ɗaya.

Yadda ake lissafin

Bari mu fara da abinci, tunda shi ne adadin da kowa ya sani. Har zuwa ƙarshen 2023 naira 750 ake warewa don ciyar da ɗaurarre ɗaya a rana. A watan Disamba na shekarar ne shugaban hukumar gidajen gyaran hali na lokacin, Haliru Nababa, ya shaida wa kwamitin majalisa cewa karen hukumar ana kashe masa naira 800 a rana, maganar da ta tayar da ƙura. A 2024 gwamnatin Tinubu ta amince a mayar da kuɗin naira 1,125. Ninka shi sau 365, za ka samu naira 410,625 a shekara kan mutum ɗaya. Mutanen da ke tsare a ƙasar nan sun kai kimanin 80,000, wato abinci kaɗai na neman wajen naira biliyan 33 a shekara. Ƙarin naira 375 ɗin nan da ake gani kamar ba komai ba, shi kaɗai ya ɗora kusan biliyan 11 a kan kasafi. Kuma duk mai zuwa kasuwa ya san abin da naira 1,125 za ta saya na ci sau uku, bayan ɗan kwangila ya cire haraji da ribarsa.

Yanzu mu ɗauki misali, ni na ƙirƙiri adadin don sauƙin fahimta kawai. A ce a jiharku ana samun mutum 500 da laifin ƙwace a kowace shekara, ana ɗaure su shekara ɗaya ɗaya, sai sabuwar doka ta ce shekara biyar ba sassauci. Mai kyawun hali a gidan yari ana rage masa kashi ɗaya cikin uku na wa'adinsa, shi ya sa ake cewa shekarar gidan yari wata takwas ce. Ke nan a tsohuwar doka, a kowane lokaci akwai kimanin mutum 333 a ciki kan wannan laifi. A sabuwar, kowa zai yi wata 40, don haka idan abin ya zauna za a riƙa samun kimanin 1,667. Ƙarin mutum 1,333 ke nan, abincinsu kaɗai kimanin naira miliyan 547 a kowace shekara.

Abin da ke ruɗar 'yan majalisa shi ne a watannin farko ba a ganin komai. Mutum 500 ɗin nan da ma za a ɗaure su, da doka ko ba doka. Sai bayan wata takwas, lokacin da ya kamata su fara fita amma ba su fita ba, sababbi kuma suka shigo suka tarar da su, nauyin ke fara taruwa, ya kai ƙololuwarsa a shekara ta huɗu. A lokacin an yi zaɓe, wanda ya kawo ƙudirin wataƙila ma ba ya majalisar. Saboda haka duk lissafin da aka yi na shekara ɗaya kacal, a wurina ba lissafi ba ne. Sai an kai shi shekara biyar zuwa goma.

Kuma abinci ɓangare ɗaya ne kawai. Kuɗin gidan yari iri biyu ne. Akwai mai motsi da kowane mutum, kamar abinci, magani, sabulu da tabarma. Akwai kuma zaunanne, wato gini da albashin ma'aikata, kuma albashi ne ke cinye kaso mafi girma na kasafin hukumar. Idan ka ƙara mutum ashirin, kuɗi mai motsi ne kawai zai ƙaru. Idan ka ƙara 1,333, ka shiga maganar gini, domin kusan rabin sabon gidan gyaran hali na Janguza a Kano ke nan, wanda aka gina don ɗaukar mutum 3,000. Ga shi kuwa gidajen da muke da su tuni sun cika sun batse, wasunsu tun zamanin Turawa aka gina su. Mun ga yadda ruwan sama ya rushe katangar na Suleja a Afrilun 2024 mutum fiye da ɗari suka tsere, ambaliyar Maiduguri a Satumbar shekarar ta fitar da kusan 280. Idan aka zuba sababbin mutane a irin waɗannan gine-gine ba tare da kuɗi ba, ba a kauce wa biya ba. Za a biya da tarin fuka da ƙazuwa, da tarzoma, da fasa gidan yari.

Maganar hukuncin kisa

A nan ne mutane suka fi kuskure, suna ganin kisa ya fi araha tunda wanda aka kashe ba ya cin abinci. A tsarinmu abin akasin haka ne. Da zarar laifi ya zama na kisa, ya fi ƙarfin kotun majistare, sai babbar kotu. Majistaren da aka fara kai mutum gabansa ba abin da zai iya sai tura shi gidan yari ya jira shawarar ma'aikatar shari'a. Beli ya zama sai da dalili na musamman, kuma alƙalin babbar kotu ne kawai ke bayarwa. Dole a samar masa lauya idan ba shi da hali. Ko da ya ce ya amsa laifinsa, kotu za ta rubuta cewa bai amsa ba, a kira shaidu ɗaya bayan ɗaya. Shari'ar da majistare zai gama cikin 'yan watanni sai ta ɗauki shekaru, sannan a wuce kotun ɗaukaka ƙara, a wuce kotun ƙoli.

Bayan duk wannan, sai gwamna ya sa hannu, gwamnoni kuwa ba sa sawa. Zartarwa ta ƙarshe da aka sani a ƙasar nan ita ce ta jihar Edo a Disambar 2016. A yau mutum fiye da 3,000 ke zaune suna jiran kisa, ana ciyar da su, ana yi musu gadi mai tsanani. Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ma ta ba babban jojin jiha ikon mayar da hukuncin ɗaurin rai da rai idan mutum ya shekara goma yana jira bayan ya gama ɗaukaka ƙara. A aikace, hukuncin kisa a Najeriya ɗaurin rai da rai ne da aka bi hanya mafi tsada kafin a kai gare shi. Katsina ta sa kisa kan garkuwa da mutane da satar shanu a 2019, Zamfara ta yi nata a 2022, Majalisar Dattawa ta amince da kisa ga masu safarar ƙwaya a Mayun 2024 alhali Majalisar Wakilai ta tsaya kan ɗaurin rai da rai. A duk muhawarar nan abin da ya cika kunne shi ne tsananin hukunci, ba yawan alƙalai da lauyoyin da za a ƙara ba.

Akwai wani abu da na gani sau da yawa a kotu. Idan hukunci ya yi nauyi ƙwarai, kuma aka ɗaure hannun alƙali, ba wanda ke amsa laifi, domin amsawa ba za ta rage masa komai ba. Kowa sai ya ja. Shaidu kuma su gaji da zuwa, wanda aka yi wa ƙwacen ma ya ce ya bar wa Allah. Na riƙe fayil na wani matashi da ya shekara uku a tsare kafin a fara sauraron shaida ta farko. Sau biyu aka ɗage zaman saboda ba man da za a kawo shi, sau ɗaya ɗan sandan da ya yi bincike an yi masa canjin wurin aiki zuwa wata jiha kuma ba kuɗin dawo da shi. Ƙarshe kotu ta sallame shi don rashin shaida. Gwamnati ta ciyar da shi kwana fiye da dubu, wanda aka cuta bai ga adalci ba, shi kuma idan ba shi ya yi ba an cinye masa shekara uku a banza. Wannan fayil ɗin har yau yana damuna.

Wa ke biya?

A nan asalin matsalar take. Yawancin laifuka, sata, ƙwace, rauni, fyaɗe, kisan kai, dokokin jiha ne ke hukunta su, kotunan jiha ke yanke su. Amma gidajen yarin na gwamnatin tarayya ne, ita ke ciyarwa, ita ke biyan gandirobobi. A 2023 ministan cikin gida na lokacin, Rauf Aregbesola, ya ce kimanin kashi 90 cikin ɗari na waɗanda ke tsare masu laifin jiha ne, kuma tarayya na kashe fiye da naira biliyan 22 a shekara wajen ciyarwa. Ka ga majalisar jiha tana iya ninka hukunci sau biyar ta sha tafi, ba tare da ko sisi ya fita daga asusun jihar ba. Ma'aikatar shari'a tana iya barin fayil ya kwana shekara a kan tebur, ba ita ke sayen garin da mai jiran zai ci ba. Shi ya sa kimanin biyu cikin uku na mutanen da ke tsare jiran shari'a suke yi, ba a same su da laifi ba tukuna. A farashin naira 1,125 a rana, abincinsu kaɗai ya kusa biliyan 22.

Wannan ya fara sauyawa. A Maris na 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu kan gyaran tsarin mulki da ya fitar da gidajen gyaran hali daga jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke da iko a kansu, ya ba jihohi damar kafa nasu. Dokar 2019 kuma ta ba shugaban hukumar a jiha ikon ƙin karɓar sababbin mutane idan wuri ya cika, bayan ya sanar da babban joji da sauran hukumomi. Ra'ayina a nan ba ɓoye-ɓoye: kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Jihar da ta yi dokar ita ya kamata ta ɗauki nauyin waɗanda dokar ta ɗaure, domin ranar da gwamna ya fara ganin kuɗin ciyar da masu jiran shari'a a kasafinsa, a ranar zai tambayi kwamishinan shari'a dalilin da fayil ke shekara bai motsa ba. Sai dai ina da fargaba ɗaya ta gaske. Jihar da ke kasa biyan malaman firamare a kan lokaci, ranar da ta kasa biyan ɗan kwangilar abinci, waɗanda ke kulle ba su da wata ƙofa da za su ƙwanƙwasa. Miƙa nauyin yana bukatar ƙa'ida ɗaya ta ƙasa da kuma kuɗin da ake cirewa tun daga tushe.

Wasu wuraren sun yi maganin wannan ta hanyar tilasta lissafi. A jihar Bajiniya ta Amurka, duk ƙudirin da zai ƙara yawan ɗaurarru dole a haɗa shi da ƙiyasi, kuma majalisa ta ware masa kuɗi. A 2007 jihar Tekzas, wadda ba wanda ke zarginta da tausayin masu laifi, an gaya mata za ta bukaci ƙarin gadaje kimanin 17,000 cikin shekara biyar, kan kuɗi wajen dala biliyan biyu. Sai majalisarta ta sa dala miliyan 241 a maganin shaye-shaye da sa ido kan waɗanda aka sako, a 2011 har ta rufe gidan yari guda. Mu ma ƙa'idojin zaman Majalisar Dattawa sun ce kowane ƙudiri ya zo da bayanin abin da zai ci. A ƙudirorin laifi da suka bi ta hannuna a matakin jiha, abin da na saba gani layi ɗaya ne: wannan ƙudiri ba zai jawo wa gwamnati wani kashe kuɗi ba.

Sassautawa ma ba kyauta ba ce

Kada ka ɗauka ina cewa duk gyaran da ke rage ɗauri riba ce tsantsa. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda Kaduna ta yi irin tata a 2017, Kano a 2019, cike take da tanadi masu kyau: majistare ya riƙa ziyartar ofisoshin 'yan sanda duk wata, umarnin tsarewa kada ya wuce kwana 14 a karon farko, a naɗi bayanin wanda ake tuhuma a bidiyo ko a gaban lauya, a yi shari'a kullum ba yawan ɗagewa. Kowane ɗaya daga cikinsu kuɗi ne: mota da mai, kyamara da wutar da za ta caja ta, ƙarin alƙalai. Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta kafa sashen hukunci ba tare da ɗauri ba, irin su aikin al'umma da ɗaurin talala, amma alƙali ba zai yanke wa mutum sharar asibiti ba idan ba jami'in da zai tabbatar ya je. Waɗannan gyare-gyare sai ka fara kashewa kafin ka ga sauƙi, kuma sauƙin yana faɗawa ne a asusun tarayya alhali jiha ce ta kashe. Sannan idan an saki mutum hamsin, abincinsu kawai aka rage. Albashi da gini suna nan.

Batun cire zaɓin tara da ka ambata, akwai darasi kusa. A Nuwambar 2023 ministan cikin gida Olubunmi Tunji-Ojo ya tara naira miliyan 585 daga kamfanoni da masu hali, aka biya tarar mutum 4,068 da ke zaune saboda sun kasa biya. A farashin lokacin, ciyar da su na cin fiye da naira miliyan uku a rana, wato cikin wata shida da 'yan kwanaki abincinsu zai cinye daidai abin da ake bin su. Don haka a bambanta. Wanda ya zaro wuƙa ya sari mutum, ban ga dalilin ba shi zaɓin tara ba, kuma dokokin da muke da su na fashi da makami da na yin rauni sun riga sun tanadar masa hukunci mai nauyi. Wanda ya zare waya daga aljihu a kasuwa karon farko, idan ka haɗa shi da wancan a jimla ɗaya ta doka, ka saya masa shekaru a ɗaki ɗaya da manyan 'yan fashi, da kuɗin jama'a.

Iyakar lissafin

Ƙiyasi ba duba ba ne. Yana dogara da halin mutane: ko 'yan sanda za su ƙara kame bayan sabuwar doka, ko masu gabatar da ƙara za su riƙa sauya tuhuma zuwa mai sauƙi, ko tsoron hukunci zai rage laifin. Shi ya sa mai lissafi na gaskiya ke ba da adadi uku, na ƙasa, na tsakiya da na sama. Kuma akwai abin da ba ya shiga kasafin gwamnati ko kaɗan: kuɗin asibitin ƙanenka, kwanakin aikin da ya rasa, tsoron da ya hana mata fita bayan magariba, da kuma iyalin da mai ciyar da su ke kulle. Lissafi ba zai gaya maka hukuncin da ya dace da laifi ba. Wannan aikin shari'a ne da lamirin al'umma, kuma akwai laifin da ko nawa ɗaurinsa zai ci, a biya. Ni kuma daga ɓangaren gabatar da ƙara na fito, gandiroba ko ɗan sanda zai ƙara maka abin da idona bai kai ba.

Abin da aikin ya koya mini shi ne mai ƙwace ba ya buɗe kundin doka ya duba shekaru. Abin da yake aunawa shi ne ko za a kama shi, kuma in an kama shi ko maganar za ta kai ƙarshe. Da a ce naira miliyan 547 ɗin misalinmu na hannuna, da na fara sa ta a masu bincike, da bin sawun wayoyin sata har kasuwar da ake sayar da su, da kuɗin motar shaidu, da kotu ɗaya ko biyu da za su gama irin wannan shari'a cikin wata uku. Idan majalisarku ta kira zaman jin ra'ayin jama'a, ka je, ka tafi da ƙanenka in zai iya. Ka tambaye su mutum nawa aka kama kan ƙwace bara, nawa aka yanke wa hukunci, nawa ke jira har yanzu, sannan a wane shafi na kasafin bana aka rubuta kuɗin aiwatar da dokar da suke shirin yi.